Gurbin Farko a Jerin Adda

Adda ba ta taɓa kiran sunana ba. Ita ta haife ni, ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu na Gwandu wannan kaɗai ya isa dalili. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da shi a yi hira. Kunya ake ce wa abin, kuma a lokacin da aka haife ni, wadda ba ta yi ba sai a ce idonta a tsaye yake. Yanzu iyaye matasa da yawa sun sassauta, za ka ga yarinya tana ƙwala wa ɗan farinta kira tun daga tsakar gida har bakin titi. Adda ba ta cikin masu sassautawa. Malamar lissafi ce, in ta riƙe doka ta riƙe ta ke nan.

Ana yaye ni aka kai ni Malisa wurin kakata, wadda ta haife ta. A can na tashi ina ce wa kakata Inna, ita kuma uwar tawa ina ce mata Adda, don da wannan sunan na ji ƙannenta suna kiranta. Sai da na isa shiga sakandare aka dawo da ni Gwandu. Na tarar da ƙanne huɗu suna ce mata Mama, suna hawa cinyarta, suna tsoma hannu a kwanonta. Ni kuwa in tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "A ɗebo ruwa." In za ta yi maganata da Baba, sunana "ta Malisa".

Na san al'ada ce. Inna ta sha gaya mini cewa ita ma haka ta yi wa nata ɗan farin, har ya yi gemu bai ji sunansa a bakinta ba. Amma sanin abu daban, rashin jin zafinsa daban. Ranar ba da kyaututtuka a makarantarmu, ina aji huɗu, ni na zo ta ɗaya a lissafi, kuma Adda, da yake a nan take koyarwa, aka sa ta miƙa kyautar darasin. Da aka kira ni na taso, sai ta juya ta ba malamar da ke kusa da ita littafin, ita ta miƙo mini. Iyaye mata suka yi ta yaba mata, wai ga wadda ta san mutunci. Ni kuwa bayan aji na zagaya na yi kukana na ƙoshi. Abin da ya dame ni tun ranar, kuma na shiga jami'a da shi, tambaya ɗaya ce da ba ni da wanda zan yi wa: a can cikin ranta, ina cikin 'ya'yanta, ko kuwa ni ƙanwa ce da Inna ta aiko mata riƙo?

Na sami gurbin karatun kwamfuta a jami'ar da ke Kalgo. Na kama ɗakin haya kusa da makaranta, ni da wata 'yar Zuru mai karatun haɗa sinadarai, Kirista, mai surutu kamar rediyo, mai kirki kuma har ya yi yawa. Ina shekara ta uku Baba ya kira ni a waya. Shi ma ba ya faɗin sunana, amma nasa da dariya yake yi.

"Ta Malisa, kina jina? Malamar gidanmu an ɗora mata kaya," in ji shi. "Yaron da ka koyar da kwamfuta ya ƙare bautar ƙasa ya tahi. Shugabar makaranta tac ce mai lissahi ita ta hi kusa da abin. Ita ko ta rantse ba ta tsayawa gaban ɗiyan mutane ta koya musu abin da ba ta sani ba."

"To Baba, in taho gida ran Juma'a?"

"A'a. Tac ce za ta zo Kalgo ran Asabar duba wata abokiyar aikinta da ba ta da lahiya. In ta biyo ta wurinki, ki aje na'urakki a buɗe."

Na gane, shi ma ya san na gane. A Gwandu ba yadda za a yi a shigo gida a tarar da ita zaune kafaɗa da kafaɗa da 'yar fari, ana nuna mata abu da yatsa. A Kalgo kuwa ba wanda ya san ta. Wannan abokiyar aikin, Allah ya ba ta lafiya, ta yi zango guda cur tana jinya, kuma har yau ban ga ko takalminta ba.

Ran Asabar da hantsi ta iso, ta sha mota tun daga Gwandu ta biyo ta Birnin Kebbi, mayafinta ko lanƙwasa bai yi ba. Ta yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa ƙofa. Ta ajiye wata leda a gefen katifa ta ce, "An aiko." Soyayyen kifi ne da yaji, irin suyar da na san hannu ɗaya ne ke yin ta a duniya. Duk zuwan da ta yi bayan nan da ledar take zuwa, kuma ba a taɓa faɗin wanda ya aiko ba.

Tebur ɗaya muke da shi a ɗakin, kujera ɗaya. Ta zauna a kujerar ta fuskanci kwamfuta, ni na durƙusa a tabarma ta gefen hagunta. Nan muka ƙirƙiro hanyar karatun da ban taɓa jin wani ya yi irinta ba. Ba ta tambayata komai, kwamfutar take tambaya. Sai ta dubi allon ta ce, "To, mi aka fara dannawa?" Ni ma in dubi allon in ba shi amsa. In jan rubutu ya fito, alamar an yi kuskure, sai ta ɗaure fuska ta ce masa, "Kai kuma mi anka yi maka?" Ni ce zan amsa a madadinsa, in ce waƙafi aka manta a layi na biyu.

Abokiyar zamana ta zauna a katifarta tana tsinkar zogale tana kallonmu, kanta na juyawa daga ni zuwa Adda. Da Adda ta tafi ta rufe ƙofa ta ce, "Wannan malamar sashenku ce?"

Na ce mamana ce.

"Mamanki? Wadda ta haife ki? Kun yi faɗa ne?"

Na yi mata bayani iya yina. Ta riƙe haɓa ta ce ita in mamanta ta yini ba ta kira sunanta ba, ai sai ta je ta taɓa goshinta ta ji ko zazzaɓi ne. Abin da ya fi ba ni haushi, kafin Asabar ta uku sun saba. Adda na shigowa za ta kira ta da sunanta, ta tambaye ta mutanen gida, ta yi mata faɗan ramar da take yi, har ta gyara mata ɗaurin ɗankwali. Ina durƙushe a wurin ina ji. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba, kishi irin na yara ƙanana, ina da shekara ashirin da ɗoriya.

Karatun kuwa ya yi gudu. Da yatsa ɗaya take danna haruffa, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma kanta ya riga yatsan nisa. Duk abin da za ta rubuta sai ta fara warware shi a takarda, ta ja layi a ƙarƙashi, sannan ta taɓa na'ura. Ba ta yarda da "haka ake yi". In na ce haka ake yi, sai ta tambayi allon dalili, kuma sau da yawa sai na koma littafina bayan ta tafi don in samo wa allon amsa.

A wata na biyu muka iso kan jeri, wanda shi ne babin da za ta koyar a ƙarshen zango. Jeri abu ne mai sauƙi. Ana buɗe baka mai kusurwa, a jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya da waƙafi a tsakaninsu, a rufe. In lambobi ne a rubuta su haka nan. In sunaye ne, kowane suna a sa shi tsakanin alamun zance guda biyu, na buɗewa da na rufewa. Aiki biyu aka fi yi wa jeri. Na farko tacewa: a ba kwamfuta sharaɗi, ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika sharaɗin ta riƙe shi, wanda bai cika ba ta bar shi a baya. Na biyu sauyawa: ta bi kowane abu ta yi masa aiki iri ɗaya, yawan da ya shiga shi zai fito, sai dai kowanne ya sake kama.

Na zo da misalina da nake alfahari da shi, wanda na ji a bakin wani malaminmu. Na ce wa allon tacewa kamar tankaɗe ce da rariya.

"Rariya tana barin tsaki bisa, gari shi sauka ƙasa," in ji Adda. "Wanne na'urar ka riƙewa, tsakin ko garin?"

Na shiga juya misalin a raina.

"A bar rariya a madahi," ta ce. "Wanga ai ƙaramin rukuni na anka hidda daga cikin babba. Shekara nawa ina koyar da shi."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ta tambayi allon, waɗanda aka tace aka bari, ina suke zuwa? Na ce ba inda suke zuwa, jerin asali yana nan yadda yake, sabon jeri ne ake fitarwa. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce to madalla, don ita ba ta son aikin da ke zubar da ɗiyan mutane.

Da makin ɗalibanta muka gwada. Jarrabawar bisa arba'in aka yi ta, tana son ta mayar da kowane maki bisa ɗari, ta kuma ware waɗanda suka kai hamsin. Ta rubuta da kanta, ta hana a sa mata baki. Sai dai ta sa tacewa a gaba, sauyawa a baya. Kwamfuta ta bi makin da ba wanda ya wuce arba'in tana neman mai hamsin, ba ta samu ko ɗaya ba, ta fito mata da baka biyu manne da juna, ba komai a ciki. Aji guda ya faɗi warwas. Adda ta zura wa allon ido, ta koma takardarta, ta dawo. Sai na ga kafaɗarta tana rawa. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Na kashe su dut! Har ɗiyar shugaba!" Na sha jin dariyarta daga wani ɗaki, tana yi da ƙannena. Ranar ce na fara jin ta kusa da kunnena, kuma na yini ina jin daɗi kamar an yi mini albishir.

Daga nan muka zo kan gyaran jeri. Rajistar aji ba ta rasa gurbi: yarinya ta bar makaranta, ko an tsallake layi wajen kwafa. In aka shigar da irin wannan a kwamfuta, sai ka ga alamun zance biyu a manne, ba suna a tsakaninsu. In ba a cire su ba, ƙidaya takan ɓaci, a buga takardar sakamako ta wanda babu shi. Don haka na koya mata abin da aka koya mana, cewa kafin a yi wa jerin sunaye komai, a fara tace shi a fitar da duk gurbin da yake wofi. Layi ɗaya ne tak. Ta kwafe shi a takardarta ta zagaye shi da jan biro, na san kuma ya zama doka.

Ranar na ba allon aikin gida. Na ce a kawo jerin sunaye, ko na su wane ne, a tace wofi, a ƙara wa kowane suna wata magana a gabansa ko a bayansa, sannan a ƙirga abin da ya fito. Lokacin an ba ta mabuɗin ɗakin kwamfutocin makarantarsu, tana shiga bayan an tashi ta yi ta gwaji ita kaɗai, ta adana aikinta a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wadda take ɗaurewa a bakin zane.

Asabar ɗin da ta biyo, abokiyar zamana ta tafi koyon waƙa a cocinsu, ni kaɗai ce a ɗaki. Adda ta shigo fuskarta ba walwala. Ko ruwan da na ajiye mata ba ta taɓa ba. Ta kwance filas ta soka, ta buɗe aikin, ta yi maza ta gangara da shafin ƙasa yadda farkonsa ba ya ganuwa.

"Abinga ya lalace," ta ce wa allon. "Tun Talata nike fama da shi."

Na matso na duba abin da ke a fili. Layin tacewa daidai yake, waƙafi bai ɓata ba. Layin sauyawa ma daidai, ta sa a ƙara "Allah ya yi wa" a gaban kowane suna, "albarka" a bayansa. Na ce wa allon ni ban ga kuskure ba.

"Akwai," in ji ta. "Biyat ka shiga, huɗu ka hitowa. Yana cinye mutum guda."

Na ce to sai an ga jerin kansa, don in umarni daidai yake, matsalar tana cikin abin da aka ba shi. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sake tayar da aikin, ko zai canza ra'ayi don ya ga baƙon wuri. Layi huɗu suka fito, ta yi sauri ta sa tafin hannu ta rufe su. Na ce, a hankali yadda zan iya, ba a gyara abin da ba a gani ba.

Ta daɗe hannunta na kan allon. Can sai ta janye shi, ta tura kwamfutar ta gefena kaɗan, ta juya fuskarta ta taga, inda ba abin kallo sai katangar maƙwabta da igiyar shanya.

Na hau da shafin sama. Jerin gajere ne, layi ɗaya. Sunan ƙanena mai bi mini, sai na ƙanwata, sai na mai bi mata, sai na auta, kowanne a cikin alamunsa, an rubuta shi cikakke har da babban baƙi a farko. A gabansu duka kuwa, daf da bakan buɗewa, alamun zance ne guda biyu manne da juna, sai waƙafi.

Na fi minti ina kallon wurin nan. Ta zauna ita kaɗai a ɗakin kwamfuta, ba mai ganinta, ba mai jin ta, aka ce ta kawo sunaye, ta kawo na 'ya'yanta. Ko a can yatsanta bai iya rubuta nawa ba. Amma ba ta fara da mai bi mini ba. Ta buɗe, ta rufe, ta sa waƙafi, sannan ta ci gaba. Kwana huɗu kuma tana faɗa da na'ura a kan ta dawo mata da wanda ta cinye.

Da na buɗe baki, muryar malama ce ta fito, don ita ce ba ta rawa. Na ce wa allon ba abin da ya lalace. An ce ya fitar da duk gurbin da yake wofi, ya ga na farko ba komai a ciki, ya fitar. Abin da aka sa shi ya yi.

"To a gyara," in ji Adda, har yanzu tana kallon taga.

A nan ne shaiɗan ya zuga ni, ko kuwa yarinyar nan ce da ta yi kuka a bayan aji. Na bar allon, na dube ta ita kanta. Na ce, "Adda, gyaran guda na. A rubuta suna a wurin."

Ta juyo ta dubi madannan haruffa. Na ga idonta ya sauka a kan harafin farko na sunana, na rantse na gani, don na san inda yake. Yatsan nan ɗaya ya ɗago daga cinyarta, ya yi rabin hanya, ya tsaya. Sai ta mayar da shi ta naɗe a cikin mayafi.

Raina ya ɓaci. Na ji haushinta, na ji haushin Inna, na ji haushin duk matan da suka yaba mata ranar kyauta. Harafi nawa ne? Ba kowa a ɗakin, ba a Gwandu muke ba, ko faɗa ba za ta yi da baki ba. Na ce to bari ni in rubuta, ai na san yadda ake rubuta shi. Na miƙa hannu.

Ta kama wuyan hannuna. Ba da ƙarfi ba, amma ta riƙe. Tafinta da ɗumi, da kaushin alli. Na lalubi ranar da ta taɓa riƙe ni haka ban samu ba.

"A bar shi," ta ce. "Jerin daidai shike. Sharaɗin na ba daidai ba."

Ta saki hannuna ta jawo kwamfutar gabanta. Ta zaro takarda da biro daga jaka, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta soke, ta sake. Sannan ta tambayi allon yadda ake sanin matsayin abu a cikin jeri, na farko ne ko na biyu. Na gaya masa. Ta shiga neman haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta goge dokar ba, Adda ba ta goge doka. Ƙari ta yi mata: a riƙe duk gurbin da ke da suna, ko kuma wanda yake shi ne na farko. Ta manta rufe baka ɗaya, jan rubutu ya fito, ta gano da kanta kafin in buɗe baki.

"Wuringa ba wohi na ba," ta ce wa allon, da muryar da take yi wa ɗalibin da ya cika gardama. "Da mai shi. Tun kahin sauran su zo da mai shi."

Ta danna. Layi biyar suka fito, ƙidaya a ƙasa ta nuna biyar. Huɗu na ƙasa cikakku ne. Na saman kuwa ya ce "Allah ya yi wa", sai ɗan fili, sai "albarka".

Ta gyara zaman gilashinta ta ce bari a duba aiki daga ƙasa. Ta karanta na auta da ƙarfi, sunan da addu'ar. Ta hau na samansa, ta hau na gaba, ta karanta na mai bi mini. Ni dai kaina na sunkuye, ina kallon saƙar tabarma, ina jiran ta ce aiki ya yi kyau ta rufe. Sai na ji ta ci gaba.

"Allah ya yi wa..."

Ta tsaya. Ba tsayawar mai neman numfashi ba ce. Ta yi shiru daidai tsawon da sunana ke ɗauka a baki, na ƙirga gaɓoɓinsa a raina, ba ta rage ko ɗaya ba. Na ɗago kai. Ba allon take kallo ba.

"...albarka."

Hawaye suka zubo mini har haɓa, na bar su. Ta ɗan jira, sannan ta ɗaure fuska irin ta aji, ko da yake gefen bakinta na rawa.

"Ke," ta ce mini. "Nan Kalgo ba a koya muku cewa amin?"